Sunan Da Rakiya Ba Ta Faɗa

Kwana da kwanaki ke nan Rakiya tana kai lomar tuwo baki ba ta jin ɗanɗanonta. Ba ciwo take yi ba, ba kuma faɗa suka yi da maigidanta ba. Abin da ya hana ta sakat wata 'yar rigar sanyi ce ja da surukarta ke saƙawa a gindin dogonyaron tsakar gida, a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza sai ta wangale baki take numfashi a Bagudo. Rigar kuwa ba ta babba ba ce. Daidai jikin yarinya 'yar shekara uku aka auna ta, kuma yarinya ɗaya ce mai waɗannan shekaru a gidan. Wa zai sa rigar ulu a garin nan, in ba wanda za a kai inda ake sanyi ba?

Mijin Rakiya, Malam Zafar, mutumin Fakistan ne. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ya zo, aka turo shi fadamar bakin Kwara ya koya wa mutane dashen shinkafa layi-layi. Da farko manoma sun yi ta masa dariya, wai mutum ya ƙetaro teku don ya koya wa Bakabe noman shinkafa. Da suka ga ba ya ƙyamar taɓo, kuma a sahun farko yake tsayawa a masallaci, sai suka saki jiki da shi. Ita kuwa Rakiya 'yar Illo ce, can bakin iyakar Dahome, amma a hannun gwaggonta ta tashi a Bagudo, kuma ita Rakiyar ke kai wa ma'aikatan fadama fura. Ranar da ya fara sha, ya ji ta yi kama da wani damammen nono na ƙasarsu, ya ɗago kai ya ce, "Lassi." Ta ce, "Fura." Ya ce lassi, ta ce fura, har ta rufe baki da gefen zane tana dariya. Kafin shinkafa ta nuna Hausa ta zauna a bakinsa, kafin wata damina ta zagayo ya tura manya Illo. Ba wanda ya tilasta wani. Aure ne na so, irin wanda tsofaffi ke taɓe baki su ce, "Mu dai gani."

Allah ya ba su ɗiya mace, uban ya raɗa mata Nasirin. Yana ɗora ta a kan keke ya zaga gari da ita, har mutane suka manta sunan suka koma ce mata 'Yar Baba. Bayan an yaye ta aka sami Lukmanu. Sai kuma ga mahaifiyar Zafar ta iso daga Lahor bayan rasuwar mijinta, don ta ga jikokinta. Jirgin sama ya sauke ta a Kano, lori ya ƙarasa jijjige ta zuwa Bagudo. Doguwar tsohuwa ce fara, mai tabarau. Jikokin na ce mata Dadi, wato kaka a bakinsu, unguwa ma duk ta ɗauka, ɗanta kuwa Ammi yake ce mata. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, amma idonta ba abin da ke wuce shi.

To, a nan aka sami matsala. Mu nan kowa ya san ɗan fari ba a kiran sunansa. Uwa mai kunya ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta rungumarsa, in ma an yabe shi sai ta kau da kai. Haka Rakiya ta gani, haka take yi. "Ke, zo nan." "A ba waccan ruwa." Lukmanu kuwa, tun da shi ba na fari ba ne, sai ta cilla shi sama ta cafe, tana masa kirari. Dadi na zaune tana kallo ta saman tabarau.

Ranar da abin ya kai maƙura, mata ne cike da gidan sun zo yi wa Dadi sannu da zuwa. Nasirin ta biyo ɗan akuya da gudu, ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi, gwiwa ta fashe. Rakiya tana shayar da Lukmanu. Ta so ta tashi, amma ga idanun mata a kanta, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da abin da take yi. Matan suka yaba a zuci, suka ce ɗiyar nan ta sami tarbiyya. Dadi ce ta tashi da sauri ta ɗauki yarinyar, ta juyo ta yi wa Rakiya wani kallo da ba ya buƙatar tafinta. Washegari ta fito da ulu da ƙarafan saƙa.

Ran nan dai Rakiya ta ga in ba ta tambaya ba zuciyarta za ta fashe. Da la'asar Zafar ya dawo daga fadama, ta kai masa ruwan wanke ƙafa a ƙofar ɗaki, ta durƙusa.

"Malam, rigar can da Dadi ke saƙa, ta wa ce?"

Ya daɗe yana cuɗa ƙafar da ta riga ta fita.

"Ammi na so ta tafi da Nasirin Lahor in za ta koma."

"Ziyara?"

"A'a. Ta zauna can, ta yi makaranta."

Rakiya ta dafa butar da ke gabanta.

"Mi na yi mata?"

"Ta ce ba kya son yarinyar. Ta ce don mace ce." Ya sassauta murya. "Ki gane, Rakiya, a ƙasarmu akwai gidajen da in an haifi mace ba a murna. A irin gidan Ammi ta tashi. Ƙanenta ke shan madara, ita ta wanke kwanon. Ta ga yadda kike yi da Lukmanu, ta ga yadda kike yi da Nasirin, ta rantse jininta ba zai tashi yadda ta tashi ba."

"Ba ka gaya mata al'adarmu ce ba?"

"Na gaya mata har bakina ya gaji. Ta ce wace al'ada ce ke hana uwa ɗaukar ɗanta in ya faɗi?" Ya dube ta, idonsa ya yi ja. "Ni ma tun da aka haife ta ban taɓa jin kin ce Nasirin ba. Ina ce wa kaina al'ada ce, al'ada ce, amma wani lokaci zuciya ba ta yarda. Filis, faɗa mini da bakinki. Kina sonta?"

Da a ce su biyu ne kaɗai, wataƙila da ta iya. Amma daidai lokacin Dadi ta fito ta tsaya a bakin rumfa riƙe da hannun yarinyar, ga kuma wata maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta ta tsaya tana hura garwashin da ya riga ya kama. Abin da aka koya wa Rakiya tun tana ƙarama shi ya fito.

"Ɗiyarku ce, Malam. Duk yadda kunka yi da ita daidai ne."

A wurinmu wannan ita ce maganar mutunci. A kunnen Zafar kuwa amsa ce, kuma ba wadda yake fata ba. Ya tashi bai ko tsane ƙafa ba ya fice. Daga ranar ya koma cin abincinsa a zaure. In sun haɗu a tsakar gida sai gaisuwa, kamar mai masauki da baƙo. Mutumin da ke tsinko mata furen bado daga fadama ya ɓoye a aljihu don kada abokan aiki su yi masa tsiya, yanzu ko inuwarta ba ya kallo. Rakiya ta rasa wanne za ta yi wa kuka, ɗiyar da za ta tafi ko mijin da ya riga ya tafi alhali yana cikin gida. A bayan rumbu take zuwa ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo ta ɗora tukunya.

Gwaggonta ta ga yarinya na ƙarewa, ta ba masu kifi saƙo zuwa Illo. Ba a daɗe ba sai ga Inna Sabuwa, mahaifiyar Rakiya, ta ƙetaro Kwara a kwalekwale, da ƙullin daddawa a ka da ƙafa duk ƙura. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki. Ta gaisa da Dadi da hannu da murmushi, sannan ta ja ɗiyarta ɗaki.

"Ke, mi ya same ki kin koma kamar karan dawa? Miji na bugun ki?"

"A'a, Inna."

"To mi?"

Rakiya ta kwashe duka ta gaya mata, tana yi tana share hanci. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"Yo shi ne abin ramewa? Kaka ta nemi jika, wa ke hanawa? Ni da anka amshe ki anka kawo ma gwaggonki, kin ji na ce uffan?"

"Inna, Illo da Bagudo ai kwalekwale guda ne."

"Lahor ɗin ta wuce Gayar nan ta bakin Kwara?"

"Ta wuce."

"Ta kai Kano?"

"Malam ya ce ta wuce Makka. Sai an bar Makka a baya."

Inna Sabuwa ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Bayan Makka ma ashe akwai mutane," ta ce a hankali. Can ta nisa. "Ba ni iya ce maki ki hana. In kin buɗe baki kin ce ɗiyata, ɗiyata, kin zubar da mu a garin nan, kuma mijinki ya ga kin yi wa uwarsa tsaye. Haƙuri za ki yi. Amma ba a miƙa ɗiya kamar ana miƙa ƙwarya. Ranar da zan ba gwaggonki ke, sai da na zaunar da ita na hwaɗa mata halinki kaf, abin da kike ci da abin da ke sa ki kuka. Wanga ba rashin kunya ba ne, amana ce. Ke ma ki yi hakanan, sannan ki bar ma Allah."

Aka sa ranar tafiya. Ana gobe lorin zai tashi, da hantsi, Rakiya ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau. Ta aika aka kira Zafar daga zaure, ta shimfiɗa tabarma a gaban Dadi ta durƙusa. Inna Sabuwa ta zauna can gefe ta ba su baya, don ba ta haɗa ido da suruki. Yarinyar na gidan gwaggo tana wasa.

"Malam, don Allah ka yi mini tafinta. Ina da saƙo wajen Dadi game da waccan."

Ya zauna nesa kaɗan, fuska a ɗaure. "Ina ji."

"Ka ce mata ba ta shan madara in ta yi yanar nan a sama. Ba ta iya cewa, sai dai ta riƙe a baki ta je bayan ɗaki ta zubar. A riƙa yaye mata yanar tukuna."

Ya juya maganar cikin harshensu. Dadi ta ɗan ɗaga gira, don kullum da safe ita ke ba yarinyar madara, tana kuma murna kofi na dawowa wayam.

"In an ga ta yi shiru tana jan kunnen hagu, zazzaɓi ne ke tahe, tun jiki bai yi zafi ba. Kada a jira. Kuma in ta ce ta ƙoshi a duba hannunta, ba ƙoshi ba ne, ƙanenta take ɓoye wa. Can tun da babu shi, ban san wa za ta ɓoye wa ba." Ta ci gaba. "Gashinta kuma, na gaba irin naku ne, na ƙeya irin nawa ne. In an taje shi a bushe tana jin zafi, ba rigima take ba. A jiƙa, a shafa man kaɗe, a faro daga ƙasa. Ga man nan na ƙulla."

Zafar yana fassarawa, amma muryarsa ta fara sauka. Dadi ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Gwiwar nan da ta fashe, ta warke, amma kada a bari ta durƙusa kan tsakuwa tukuna. Akwai wani ɗan dutse da ya shige ciki, da ƙyar na cire shi da allura, wurin bai gama cikowa ba."

Wannan karon bai fassara ba. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ta.

"Ke kika cire? Yaushe?"

"Ranar. Da baƙi sunka watse, Dadi ta shiga sallar azahar."

"Ammi ta ce ita ta wanke ciwon ta ɗaure."

"Ta wanke. Ba ta ga dutsen ba ne, yana can ƙasa. Na kwance na cire na mayar da ɗaurin yadda ta yi, don kada ta ji ba daɗi."

Dadi ta taɓa shi da gwiwar hannu tana tambayar me aka ce. Ya faɗa mata, yana yi yana tsayawa. Rakiya kuwa ba ta ɗago kai ba. Ta jawo wani tsohon zane da ya koɗe, ta ninke ta tura gaban tsohuwar.

"Wanga shi na goya ta da shi. Ban wanke ba, da gangan. In ta tashi barcin rana takan nemi ƙanshina, nakan bar mata shi kusa da kai in fita kafin ta buɗe ido. A sa mata cikin kaya. In ya daina ƙanshi, to lokacin ta saba da ku."

Namiji guda, ma'aikacin gwamnati, sai ga Zafar ya kifa fuska a tafin hannu kafaɗunsa na rawa. Dadi ba ta jira shi ba. Ta ɗauki zanen ta kai hanci, ta daɗe a haka. Sannan ta yi wata tambaya, ta maimaita, har ɗan nata ya share ido ya juya ta.

"Ta ce, in haka ne, don me ba kya kiran sunanta? Don me kike ɓoyewa kamar mai sata?"

Sai Inna Sabuwa ta yi gyaran murya, tana fuskantar katanga, kamar da katangar take magana.

"A hwaɗa ma baƙuwa, wagga da ke durƙushe gabanta ita ce tawa ta fari. Tun da na haihe ta sunanta bai taɓa hita bakina ba. A tambaye ta, ta ga na yi kama da wadda ta ƙi ɗiyarta? Ina jin ba ta cin abinci na bar gero a shanya, na shiga jirgi, ni da ke tsoron ruwa kamar akuya. Mu nan abin da ka hi so shi kake kau da ido gare shi, don kada a ce ka cika son kai, kuma don dangi su samu wurin so su ma. In uwa ta rungume, ina kaka za ta kama?"

Zafar ya fassara kansa a ƙasa. Dadi ta dubi bayan tsohuwar, ta dubi ƙafafunta masu faso, ta ce a tambaye ta, to mene ne sunan ɗiyar tata?

"Ita ta sani," in ji Inna Sabuwa.

Dadi ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta miƙa hannu ta kama kunnen ɗanta ta murɗa kamar yaron goye, tana zazzaga masa faɗa cikin harshensu. Da ta sake shi ta nuna Rakiya, alamar ya faɗa mata.

"Ta ce," ya shafa kunnensa, "ta ce ni jaki ne. Ita baƙuwa ce, tana da uzuri. Ni kuwa ina kwana gida ɗaya da mace shekara da shekaru ban san wa ke taje wa 'yata kai ba."

Inna Sabuwa ta danne bakinta da mayafi, kafaɗunta na motsi.

Dadi ta matso ta kama fuskar Rakiya da hannu biyu ta sumbaci goshinta. Ta mayar mata da zanen kan cinya ta danne da tafinta, ta yi magana a hankali, ɗanta na bi.

"Ta ce ta zo ne ta ceci yarinya daga uwar da ba ta sonta, ashe saura kaɗan ta raba ta da uwar da ta fi kowa sonta. Ta ce ki yafe mata. Nasirin ba ta zuwa ko'ina."

Rakiya ta so ta ce ba komai, amma kukan da ta daɗe tana kai wa bayan rumbu ya ƙwace mata a nan tsakar gida, a gaban kowa. Ba kuma wanda ya ce ta yi rashin kunya.

Da azahar ta kai abinci zaure kamar yadda ta saba a kwanakin nan, sai ta tarar ba kowa. Yana ɗakinta zaune a bakin gado, ya ɗora Lukmanu a ƙafa.

"A nan zan ci, in an yarda da jaki a ɗaki."

Ta ajiye kwanon a gabansa.

"Sori, Rakiya. Wallahi na zalunce ki. Amma me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambayata ba a gaban mutane ba?"

Ya san gaskiya ce. Ya jawo hannunta ya zaunar da ita, ya gutsuro tuwo ya kai mata baki. Ta kau da kai tana duban ƙofa, ya ce ba kowa, sai Lukmanu, shi kuwa ba ya kai rahoto. Ta karɓa. A ranar ta san miyar ta yi gishiri daidai.

Washegari Dadi ta hau lori ita kaɗai. Kafin ta hau ta ja Rakiya gefe, Zafar na tsakaninsu, ta ce tana da roƙo guda. Ta ce ita da furfurarta ta kasa gane irin wannan so, to ina ga yarinya ƙarama? Rabin jinin Nasirin nasu ne, su kuwa a wurinsu ɗan da uwa ba ta kiran sunansa yakan tashi yana zaton ba a so shi ba. Ko a cikin ɗaki ne, ko sau ɗaya a yini, ta riƙa kiranta da sunanta. Rakiya ta ce to, don ba a ce wa suruka a'a, balle mai tafiya.

Kwana kaɗan bayan haka ta raka Inna Sabuwa bakin ruwa. Tsohuwar ta sa ƙafa ɗaya a jirgi, ta juyo.

"Ke, kada ki ga an bar maki ɗiya ki ce kin zama Baturiya. Kunyar nan ita ta tsamo ki. Ranar da na ji kin kama sunan ɗiyar fari kamar mai tallan ƙosai, ba ni ba gidanki."

Nan ma Rakiya ta ce to.

Jama'a, kun dai ga yadda haƙuri ya yi. Da Rakiya ta tashi da tsiwa ta ce ba mai taɓa mata ɗiya, da wataƙila ta riƙe ɗiyar ta rasa miji, ko ta rasa duka biyun. Ta danne zuciyarta, ta bi ta ƙofar da iyaye suka nuna mata, Allah ya bar mata ɗiyarta ya dawo mata da mijinta, har ya ƙara mata da uwa ta biyu a bayan Makka. Darasin kuma ba na mata kaɗai ba ne. Wanda ya auro daga wata ƙasa, ko ya aurar, kada ya auna zuciyar mutum da mudun garinsu. Ya tambaya, kuma ya san inda zai yi tambayar.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba, shi ya sa ma na ɗauki alƙalami, ni da karatuna bai taka kara ya karya ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da Rakiya. Jiya ta shigo mini da rana ido ya kumbura. Wai tana taje wa yarinyar kai, sai yarinyar ta waiwayo ta ce, "Inna, Baba ya san sunana, Dadi ta san sunana. Ke ba a gaya miki ba?" Ta ce ta buɗe baki, sunan ya zo har kan harshe, sai ta ji kamar Inna Sabuwa na tsaye a bayanta. Ta ce da yarinyar ta juya a gama kitso.

Ta yi wa tsofaffi biyu alkawari, kowace kuma don ƙauna ta roƙa. Ta ce in ba ta shawara, tun da na girme ta, na kuma aurar da 'ya'ya. Ni kuwa tun jiya nake juya abin, ko barcin rana ban iya ba. In na ce ta kira, na sa ta saɓa wa uwar da ta haife ta. In na ce ta bari, ga yarinya na girma da tambaya a ciki, kuma ba irin 'ya'yanmu ba ce da za ta waiga ta ga kowane gida haka ake yi, don ubanta na nan yana kiran sunan safe da yamma. Gobe za ta dawo jin amsa. Don Allah masu karatu, iyaye mata musamman, me zan ce mata?